Kartar mashaya jini: in kati ya zo biyu, ƙarfinsa na ninkuwa?

Akwatin da nake magana a kai shi ne na wasan kati mai suna Vampire: The Eternal Struggle, bugun da ake kira Fifth Edition, wanda kamfanin Black Chantry ya fitar a 2020. Matsayina a kansa a fili yake: in kuna da fada ta mutum huɗu ko biyar masu iya zaman awa biyu ba tare da wani ya miƙe ba, kuma a cikinku akwai mai karanta Turanci ko Faransanci da kyau, ya ci kuɗinsa har da riba. In ku biyu ne kawai, ku riƙe kuɗinku. Wasan an gina shi ne a kan da'ira: kana farautar na hagunka, na damanka yana farautarka. Da mutum biyu da'irar ta rushe, sai ya zama dukan juna kawai.

Namu wani ɗan'uwana ne ya taho da shi daga Faransa, yanzu yana zaune a fadarmu ta Yantala, cikin leda biyu saboda ƙura. Ban taɓa cin karo da shi a Babbar Kasuwa ko a shagunan littattafai na Yamai ba, don haka mai so sai ya nemi matafiyi ko ya yi oda ta intanet.

Wasan ba sabo ba ne. Richard Garfield, masanin lissafin nan ɗan Amurka da ya ƙirƙiro Magic: The Gathering a 1993, shi ne ya tsara shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1994 da sunan Jyhad. A 1995 aka canza masa suna zuwa wanda yake ɗauke da shi yau, kuma ni dai ina ganin gara da aka yi hakan. Daga baya White Wolf, masu asalin labarin Vampire: The Masquerade, suka karɓe shi, suka daina bugawa a 2010, Black Chantry suka farfaɗo da shi a 2018. Wannan tsawon tarihin yana da nasaba da abin da zan daɗe a kansa, domin dokar da aka yi shekara talatin ana ɗora mata gyara ba ta zama wuri ɗaya.

A cikin akwatin akwai tari biyar da aka riga aka haɗa, kowane na dangin mashaya jini ɗaya: Malkavian, Nosferatu, Toreador, Tremere da Ventrue. Kowane tari kati 89 ne, 12 na bampaya, wato mashaya jinin, 77 na ayyuka da makamai da dabaru. Kowa yana farawa da jari 30. Jarin nan shi ne ranka, kuma shi ne kuɗinka: da shi kake tayar da bampaya daga makwancinsu, da shi kake biyan wasu katuna, in ya ƙare ka fita. Babbar hanyar cin na hagunka ita ce ka tura bampaya ya tatsi jarinsa. Ka fitar da shi, ka samu maki ɗaya da jari 6, ka koma kan na gabansa. Hannu kati bakwai ne, kuma duk katin da ka buga nan take kake jawo wani a madadinsa.

To, ga inda wasan ya rabu da ƴan'uwansa. A Magic ba ka sa fiye da kofi huɗu na kati ɗaya a tarinka, a Yu-Gi-Oh uku. A nan babu iyaka. Tarin gasa, ban da katunan bampaya, yana tsakanin kati 60 da 90, in ka ga dama ka cika ashirin daga ciki da kati iri ɗaya, babu mai ce maka don me. Tarin da ke cikin akwatin ma haka suke, kati ɗaya sai ka gan shi jere-jere. Saboda haka tambayar da ta fi tashi a tebur, tun kafin a kai ga dabara, ita ce: ina da wannan guda biyu, in buga su duka, ƙarfin ya haɗu?

Amsar da ta tsaya mini ita ce: asali komai yana haɗuwa, sai in akwai abin da ya hana. Wahalar ita ce masu hanawar ba wuri ɗaya suke ba. Wasu suna cikin littafin doka, wasu a jikin katin, wasu kuma a cikin yadda aka tsara jimlar katin. Wanda ya riƙe wuraren nan ya gama da rabin gardamar fada.

Bari in nuna da hannu guda da na gani da idona, don shi ya fi bayani.

Ƙanena ne ke riƙe da Malkavian, na hagunsa wani malamin lissafi ne da ke koyarwa a wata makarantar sakandare, yana riƙe da Tremere. Ƙanena ya kwantar da katin bampayansa, alamar ya tura shi aiki, ya buga Govern the Unaligned. Tatsa ta asali ɗaya ce, katin ya ƙara biyu, ta zama uku. Malam ya ce zai tare. Dokar tarewa mai sauƙi ce. Mai aiki yana da adadin saɗaɗa, wato iya ɓuya, mai tarewa kuma yana da adadin ido, wato iya hangowa: in idon mai tarewa ya kai saɗaɗar mai aiki ko ya fi ta, an kama shi. Duka biyu suna kan sifili, don haka kamu ya tabbata in ba a yi wani abu ba. Ƙanena ya sauke Lost in Crowds a babban mataki, saɗaɗa ta zama biyu (irin waɗannan katunan mataki biyu gare su, ƙarami da babba, gwargwadon ƙwarewar bampayan a baiwar, wato ikon da katin ke bukata). Malam ya amsa da Enhanced Senses a babban mataki, ido ya zama biyu. An koma kunnen doki, kuma kunnen doki na mai tarewa ne.

Sai ƙanena ya zaro Lost in Crowds na biyu yana murmushi. Malam bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Mayar da shi hannunka, yaro. Wannan bampayan ya riga ya buga shi a aikin nan." Ƙanena ya dube ni, "Yaya, da gaske?" Da gaske. Dokar tana nan baƙi da fari: bawa ɗaya, wato bampaya ko wani mai yi maka aiki a tebur, ba ya buga katin ƙarin aiki mai suna ɗaya sau biyu a cikin aiki guda, ko da a mataki daban ne. Ba ka cewa na farko na buga shi a babba, wannan zan buga a ƙarami. Suna ɗaya, sau ɗaya. Amma sai ya ga yana da Swallowed by the Night, wanda sunansa daban ne, ya ƙara ɗaya, saɗaɗa ta zama uku. Wannan ya halatta, domin saɗaɗa tana taruwa daga katuna mabambanta ba iyaka, muddin akwai mai ƙoƙarin tarewa da idonsa ya kai.

Yanzu abin ya juyo kan Malam. Shi ma yana da Enhanced Senses na biyu, kuma dokar da ya kama ƙanena da ita ita ce ta kama shi: katin martani ma bawa ɗaya ba ya maimaita shi a aiki guda. Sai dai a lura da kalmar, bawa aka ce, ba ɗan wasa ba. Da Malam yana da wani bampaya a tsaye, wanda ba a kwantar ba, wannan na biyun yana iya yunƙurin tarewa bayan na farko ya kasa, ya buga nasa Enhanced Senses. Idonsa zai fara ne daga sifili, ba ya gadon na ɗan'uwansa, biyu kuma ba ta kai uku ba. Malam ya lissafa, ya ce ya bari.

Daga nan ƙanena ya ɗora Conditioning a babban mataki, uku a kan uku, tatsa ta zama shida. Kashi ɗaya cikin biyar na jarin mutum ke nan a bugu ɗaya. Yana da Bonding a hannu, sunansa daban, ya ɗauka ai irin na ɗazu ne, tunda suna ya bambanta sai a ɗora. A'a. Nan wata doka ce dabam. A jikin Conditioning da Bonding akwai kalmar limited, kuma ma'anarta ita ce ƙarin tatsa irin wannan guda ɗaya tak ake yarda da shi a aiki ɗaya, ko sunayen katunan sun bambanta. Tsofaffin bugu ba su da kalmar, jimla ce doguwa a kansu mai cewa ba a buga wani katin ƙara tatsa bayan wannan. Abu ɗaya suke nufi.

Ƙarshen hannun ya fi komai daɗi. Malam ya buga Deflection, ya karkatar da tatsar zuwa na hagunsa. Shi kuma wancan, mai Ventrue, yana da nasa Deflection, ya sake tura ta gaba. Kati ɗaya sau biyu a aiki ɗaya, kuma babu laifi, domin bampaya biyu ne daban suka buga. Shidan ta je ta sauka a kan mutumin da ke can yana hura gawayin shayi, wanda ba shi ƙanena ke farauta ba, shi ne ma mai farautar ƙanena. Ba a yi asara duka ba, amma jinin da aka kashe da katunan da aka zubar ba su rage wa Malam ko ɗaya ba.

Wannan bambanci na bawa da ɗan wasa shi ya sa nake son Cloak the Gathering. A babban mataki, wani bampaya naka da ba shi ke aikin ba yana iya buga shi don ya rufa wa mai aikin. Kana da bampaya uku masu wannan baiwa, kowannensu yana iya sauke nasa kofin, saɗaɗa ta hau uku da kati mai suna ɗaya. A gefe guda kuma akwai inda katin da kansa yake ƙara matsewa: a jikin Lost in Crowds an rubuta cewa ba a haɗa shi da Into Thin Air a aiki ɗaya. Abin da ke jikin kati kullum yana gaba da littafi.

Katunan aiki su ma suna da tasu. Bampaya ɗaya ba ya tatsa fiye da sau ɗaya a zagaye, kuma ba ya yin aiki da kati mai suna ɗaya sau biyu a zagaye, ko da an tashe shi tsaye da irin su Freak Drive. Govern huɗu a hannu da bampaya ɗaya a fili, uku zama za su yi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne a fagen faɗa ƙofar a buɗe take. Katunan faɗa ba su shiga waccan dokar ta suna ɗaya sau ɗaya ba. An zabga wa bampayanka rauni huɗu, kana da Skin of Rock biyu a babban mataki, kowane yana kare biyu, ka sauke su duka ka fita lafiya. Shi ya sa katunan faɗan da ake tsoron a maimaita su aka rubuta musu iyaka a jikinsu ɗaya bayan ɗaya: Taste of Vitae guda ɗaya a kowane turmi, Immortal Grapple guda ɗaya a kowane turmi, Carrion Crows guda ɗaya a faɗan gaba ɗaya. Ƙarin duka kuwa, irin na Blur da Pursuit, yana ɗauke da waccan kalma ta limited: daga tushe ɗaya kawai ake samunsa a turmi ɗaya.

Akwai kuma katin da babu dokar da ta hana ka maimaita shi, amma maimaitawar banza ce, kuma nan ne ake gane mai karatu da mai duba hoto. Torn Signpost ba ya cewa a ƙara wa bampaya ƙarfi. Cewa yake ƙarfinsa ya zama biyu, ko uku a babban mataki, har ƙarshen faɗan. Ka buga na biyu, ƙarfin ya sake zama uku, ukun da yake a kai. Amma ka ɗora masa Undead Strength, wanda a babban mataki ke cewa a ƙara biyu a kan dukan hannu, sai ya zama biyar. Kati mai alamar ƙari yana taruwa, kati mai tsayar da adadi ba ya taruwa da kansa. Malam ya fi kowa jin daɗin wannan, ya ce da ɗalibansa suna karanta tambayar jarrabawa yadda muke karanta katin nan da bai yi furfura ba.

Abubuwan da ke zama a tebur dindindin su ne suka fi bin asalin ƙa'ida. Raven Spy hankaka ne da bampaya ke ɗauka bara, yana ba shi ido ɗaya. Uku a kan bampaya ɗaya ido uku ne, kullum, ba tare da an buga komai daga hannu ba, kuma mai irin wannan tsaron yana iya hana na damansa sakat. Blood Doll yana ba ka damar matsar da jini ɗaya tsakanin bampaya da jarinka a kowane zagaye, biyu a kan bampaya ɗaya jini biyu ne. Laptop Computer yana ƙara tatsa ɗaya, amma an rubuta masa cewa bawa ɗaya kwamfuta ɗaya. Abin hawa ma guda ɗaya ne ga kowane bawa, ba a haɗa Sport Bike biyu don ido ya ninku. Ƙarin tatsar da ke zuwa daga irin waɗannan kayan da barori ba ya cikin limited, don haka bampaya mai kwamfuta, ga J. S. Simmons ga Tasha Morgan a bayansa, yana tatsar huɗu kafin ya buga ko kati ɗaya, kuma har yanzu yana da damar ɗora Conditioning. Katunan koyar da baiwa kuwa iyakarsu daga tsarinsu take: na farko ya ba bampaya ƙaramin mataki, na biyu ya kai shi babba, kowanne yana ƙara masa girman ɗaukar jini da ɗaya, na uku ba shi da wurin zama domin ba a ɗora shi a kan wanda ya riga ya kai babba.

Filayen farauta suna da tarko nasu. Kowane fili yana ba bampaya jini ɗaya a farkon zagayenka. Kana iya mallakar filaye biyu masu suna daban, amma bampaya ɗaya daga fili ɗaya kawai yake sha a zagaye. Jinin na biyu sai dai a ba wani.

Sashen da na fi so a duk wasan shi ne na katunan tilo. Kusan kowane bampaya mutum ne mai suna, ba a samun biyunsa a duniya, haka ma wasu wurare da kayayyaki. In ni na fito da wani, kai ma ka fito da shi, ba wanda ya ci. Duka biyun ana kife su, sun fita daga wasa, kowannenmu yana biyan jari ɗaya a farkon kowane zagayensa don ya ci gaba da riƙe da'awarsa. Wanda ya gaji ya saki, katinsa ya ƙone da duk jinin da kayan da ke kansa, ɗayan ya buɗe nasa a zagayensa na gaba. Duk wanda ya san rigimar fili a bayan garin Yamai ya san wannan: mutum biyu da takarda a hannu, kowa na kashe kuɗi, ba mai aza tubali. Na ga mutum biyu da ba ma farautar juna suke ba sun zubar da jari a kan Dreams of the Sphinx don girman kai kawai, masu farautarsu suna ta godiya. Sarauta ma haka take, in bampaya biyu suna da'awar sarautar birni ɗaya, sai dai a nan jinin bampayan ake biya da shi ba jari ba.

Da kanka kuwa ba ka jayayya. In wani abu ya tilasta kofi na biyu na katinka na tilo ya shigo, sabon ne ke ƙonewa. To me ya sa ake zuba bampaya ɗaya har sau uku ko huɗu a tarin makwanci, wato tarin katunan bampaya? Domin kati huɗu kawai ake ba ka daga ciki a farkon wasa, kuma jawo wani yana cin duk motsin jini huɗu da ake ba ka a zagaye don tayar da bampaya, da jari ɗaya a kai. Kana maimaita gwarzonka ne don ka tabbata ya zo, ka kuma yarda cewa wata rana uku daga cikin huɗun za su zama shi kaɗai, ka zauna kana kallonsu.

Akwai ma wanda ya fi tilo tsanani. Giant's Blood yana cika bampaya da jini fal, amma guda ɗaya ake bugawa a wasan gaba ɗaya, ba ga kowane ɗan wasa ba, ga teburin duka. Wani ya riga ka, naka ya zama takarda. Katunan maigida kuma, waɗanda ɗan wasa ke bugawa da kansa ba ta hannun bampaya ba, ɗaya ake bugawa a zagaye. Ƙananan da ake kira trifle suna mayar maka da damar buga wani, amma sau ɗaya kawai, ba a jera su kamar carbi. A wurin ƙuri'a ma kowane ɗan wasa katin siyasa ɗaya yake iya mayarwa ƙuri'a, komai yawansu a hannunsa.

Ina ganin duk wannan da gangan ne, kuma shi ne hikimar wasan. An bar ka ka zuba kofi ashirin, amma hannunka bakwai ne, kuma kati ɗaya kawai kake iya yarwa a ƙarshen zagaye. Ka cika tarinka da Lost in Crowds zalla, ranar da kake neman saɗaɗa uku za ka ga biyar a hannu, ɗaya ne mai amfani, sauran sun toshe hanyar abin da kake jira. Shi ya sa tari mai kyau yake rarraba saɗaɗarsa a kan sunaye huɗu ko biyar, yake kuma yawaita katin da kowane bampaya zai iya bugawa a kowane zagaye, irin su Govern. Iyakar da wasu wasanni suka sa a dokar haɗa tari, wannan ya bar ta a hannun ɗan wasa, ya ji a jikinsa. Tarin da ke cikin akwatin sun koyar da wannan da kyau in mutum ya baje su a tabarma ya ƙirga.

Inda nake da ƙorafi shi ne sabon shiga ba zai tarar da waɗannan iyakoki a shafi ɗaya ba. Dokar suna ɗaya tana wurin bayanin nau'in katuna, ta limited tana wurin tatsa da wurin faɗa, ta tilo tana wani sashe, sauran suna warwatse a jikin katuna da ƙananan baƙaƙe. Mun ƙare da rubuta namu a bayan takardar kalanda muka liƙa a murfin akwatin. Wanda ya haɗa da tsofaffin katuna kuma sai ya ƙara kula, domin rubutun da ke aiki shi ne na baya-bayan nan, ba lallai wanda ke bugge a katin da ke hannunka ba. Ƙungiyar ƴan wasan, VEKN, tana ajiye rubutun kowane kati na yanzu a intanet, don haka waya mai caji tana cikin kayan wasa. Dokarmu a fada ita ce a duba sau ɗaya, abin da aka gani shi ke nan, ba ɗaukaka ƙara.

Ta fuskar kaya, katunan suna da kyau a hannu, bugun a fili yake, alamomin baiwa ana gane su: murabba'i ƙaramin mataki, lu'u-lu'u babba. Amma an yi su ne don ɗaki mai sanyi. Zufar watan Afrilu da ƙurar hunturu da yatsun da suka taɓa tsire ba za su bar su su daɗe ba, sai an sa musu rigar leda tun ranar farko, kuma a sayo rigunan tare da akwatin don kada a yi jiran wani matafiyin. Ƙwayoyin ƙirga jini muna haɗawa da wake, ya fi sauƙin maye in ɗaya ya faɗa cikin yashi. Wuri ma yana ci: mutum biyar da bampayoyinsu da barorinsu ba za su shiga ƙaramin teburin belot ba, tabarma babba ta fi, nesa da fanka.

Sai zancen da dole a yi shi a garinmu. Babu kuɗi a wasan nan, ba caca ba ce, wake ne ke tafiya yana dawowa. Amma zanen na manya ne: jini, gawa, haƙora, wasu hotunan kuma shigarsu ba ta dace da idon yara ba. Ba na buɗe shi a tsakar gida, kuma wanda ransa bai kwanta da irin wannan tatsuniya ba bai yi laifi ba in ya ce a kai kasuwa. Lokaci ma abin lura ne. A gasa awa biyu ake ba kowane tebur, na sababbi yakan wuce haka. Wanda ya fara bayan la'asar magariba za ta same shi a tsakiya, don haka mu bayan isha'i muke zama, ko safiyar Lahadi. In an tashi salla kowa ya kife hannunsa ya ɗora masa kofin shayi.

Wanda ya saba da belot zai sha wuya a zaman farko da na biyu, domin a can kati 32 ne kowa ya san su, a nan kowane kati da dokarsa. Shawarata a ba sabon shiga Malkavian. Aikinsa ɗaya ne, saɗaɗa da tatsa, kuma a hannu biyu ko uku zai ci karo da dokar suna ɗaya da ta limited, ya koye su da wuri. Toreador da Ventrue a bar wa masu baki, domin siyasarsu tana bukatar ciniki da lallashi a tebur. Nosferatu na mai son dambe ne, kuma shi ne zai fi kowa karanta ƙananan baƙaƙe. Tremere a ba mai haƙuri, wanda zai iya zama yana tarewa zagaye bayan zagaye kafin ya motsa.